Ragowar Miya

A zauren gidansu a Tsafe, Shafa'atu ta ajiye wa Jatau, bazawarinta daga Bungudu, tuwon dawa da miyar kuka. Tana satar kallonsa, saura ƙiris ta ce ta amince.

Ya suɗe yatsunsa biyar, ya sake tsoma su cikin akushi.

"Walimar aurenmu mutum arba'in ne. Miyar da na farko suka rage, ki juye a tukunya, ki zuba wa na baya. Wa zai sani?"

Ita da Inna ta koya wa girki, ko ludayi ta lasa sai ta sha muciya!

Ta janye akushin a hankali.

"Ni zan sani, Malam Jatau. Bungudu da nisa, gara ka kama hanya tun da sauran rana."