Layi Tara a Injin Saƙa

Hadassah ta buga tebur da tafin hannu har ruwan da ke kofi ya fantsama. Awa uku ke nan tana gaban tsohuwar kwamfutar da ke sarrafa injin saƙa a shagon Madam Chinaza a Kakuri, sai yanzu ta gano abin da ke cinye masa sauri.

A gwanjo Madam Chinaza ta sayi injin, daga ɗaya cikin masaƙun da suka rufe tun da daɗewa. Wata makaranta a Romi na jiran suwaita ɗari huɗu kafin Litinin. Inji kuwa duk ya kai ƙarshen layi sai ya ɗan dakata, sannan ya juyo.

"Madam, injinki lafiyarsa ƙalau," in ji Hadassah. "Wanda ya rubuta masa umarni ne jahili."

Ta yi mata bayani a gajarce, tana nuna gilashin kwamfutar da biro. Ƙwaƙwalwar irin wannan kwamfuta tana raba ma'ajiyarta yanki-yanki. Kowane yanki na da bayaninsa a cikin wani jadawali: inda ya fara, inda ya ƙare, da wanda aka yarda ya taɓa shi. Sau ɗaya take ɗauko bayanin ta ɓoye kwafinsa a cikinta don kada ta riƙa komawa jadawalin, kuma daga nan saurinta yake. Shi kuwa wannan mutum, duk juyin inji sai ya tilasta mata ta sake ɗaukowa, ta sake bincikawa, kusan sau miliyan a jere. Bayanin bai canza ba, babu abin da ta ƙaru da shi.

Layi tara ne kacal a cikin umarnin ke jawo wannan. Ko 'yan kalmomin da ya sa a gefensu cike suke da kurakurai, haruffa na hawa kan juna.

Dama da fushinta ta fito daga gida. Da safe a Unguwar Boro, mahaifinta na shan shayi da hagu, hannun damansa cikin aljihu kamar kullum, ya tambaye ta wane inji za ta duba. Da ta faɗa masa sai ya ajiye kofin ya ce ta bar aikin. Haka ya ce ranar da ta samu gurbin karatun kwamfuta. Haka ya ce ranar da ta kammala. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a masaƙa, ya fito da yatsu biyu kacal a hannun dama, kuma bai taɓa ba ta labarin wurin ba, shi ne zai gaya mata abin da za ta taɓa da wanda za ta bari.

Ta goge layukan tara. Ta sake haɗa umarnin, ta ce a tayar.

Inji ya ɗauka da wani irin ruri da shagon bai taɓa ji ba. Kan saƙar, ƙarfen da ke bi ta kan allurai, na zuwa yana dawowa ba dakatawa. Madam Chinaza ta fara tafi.

Sai zare ɗaya ya goce. Esther, matar da ta shekara shida a kan injin, ta miƙa hannu ta gyara shi a daidai juyin, yadda ta saba yi sau hamsin a rana. Kan saƙar bai jira ta ba. Ya cafki hannun rigarta ya ja ta gaba, har goshinta ya bugi ƙarfe.

Hadassah ta kai wa jan maɓallin tsayar da injin duka da dunƙulen hannu. Inji ya tsaya. Alluran sun yage rigar har gwiwar hannu, sun bar dogon layin jini a fatar Esther. Yatsunta biyar na nan.

"Ki mayar mini da shi yadda yake," in ji Madam Chinaza, muryarta a ƙasa. "Yanzu."

Hadassah ta buɗe kwafin tsohon umarnin da ta ajiye tun farko, fushinta ya koma kanta. Ta nemo layukan tara. Wannan karon ta gangara har ƙarshen fayil ɗin, inda ɗazu ba ta ga dalilin zuwa ba. Akwai wani ɗan rubutu a can, mai kwanan watan Maris 1993.

"Dakatawar nan da gangan ne, don hannu ya samu fita. Manaja ya hana a rage gudu, shi ya sa na ɓoye ta inda ba zai gane ba. Kada a cire. A yi haƙuri da kurakuran, da hagu nake bugawa yanzu."

A ƙarƙashinsa an sa sunan injiniyan da ya rubuta: Bulus Audu, sunan mahaifinta, wanda ke biye da nata a takardar digirinta.