Lefteris na Uku

"Nawa ne!" Lefteris Dogo ya bugi tebur har kofina ya fantsala.

"Kai da ko famfon gidanku ya gagare ka gyarawa?" in ji Lefteris Gajere.

Ni ce mai kula da jerin sunayen masu rubuta manhajarmu ta manoman zaitun a Iraklio, ƙasar Girka. In mutum ya sauya suna ko imel, sai in haɗe tsoho da sabo, aikinsa ya taru wuri guda. To ga ni da Lefteris Fanurakis har biyu, ɗan wa da ɗan ƙane, duk sunan kakansu suka ci, adireshin imel kuma uku. Mai na ukun ya yi gyara ɗari huɗu, tsaf-tsaf. Wanda na haɗa wa na ukun, shi zai shugabanci aikin.

"Imel ɗina ne na jami'a," in ji Dogo.

"Au, ashe ka gama jami'ar?" in ji Gajere.

Da suka ishe ni, na rubuta wa adireshi na ukun: "Don Allah, wane Lefteris ne?" Na sa suka ajiye wayoyinsu a gabana, in ga wadda saƙon zai shiga. Ba wadda ta motsa. Dogo ya ce ya manta lambar sirri. Gajere ya ce shi ma haka.

Kafin kofi ya huce, amsa ta shigo:

"'Yata, kakansu ne, tsohon malamin lissafi. Tun suna rarrafe nake share musu ɓarna, har yau ban huta ba. Kada ki haɗa ni da kowa. Suna na ara musu, ban da aiki."