Kukan Ilu

Tun da hukuma ta liƙa na'ura a ɗakin kowane yaro mai nakasa, ma'aikaciyar jinya ba ta zuwa sai na'urar ta ji kukan yaro. Ilu, ɗan Hansatu, ba ya tashi, kuma ba shi da murya. Yau gyambon bayansa ya fara ruwa, hawaye kawai yake yi.

Maƙwabciyarta Ladidi ta ce, "Yaya, in kawo jaririna mu mintsine shi? Kowa haka yake yi."

"Ba za a cuci ɗanki don a duba nawa ba."

Hansatu ta tsaya gaban na'urar, ta kwarma ihu har muryarta ta dishe.

Na'urar ta amsa a hankali, "A rage hayaniya, yaro yana hutawa."