Ranar da Waya Ta Amsa Gayya

Ka tambaye ni ko kuɗin tallafin nan da ake turo wa manoma alheri ne. Alheri ne mana, wa zai ce ba haka ba? Amma gyara zama ka ji misalin wani manomi.

A wani ƙauye na bakin gulbi yake, da 'yar gonarsa ta gero a tudu, da fadamar shinkafa da ya gada a wurin mahaifinsa. Ya taso ya tarar ba da kuɗi ake noma a garinsu ba, da gayya ake yi. In aiki ya fi ƙarfinka sai ka raba goro gida-gida, matarka ta dama kunu ta tuƙa tuwo, gari na wayewa maza su fito da kayan aiki a kafaɗa, makaɗi na biye da su da gangar noma. Ana aiki ana zolaya, wanda aka bari a baya kuwa ya sha dariya har la'asar. Ba a biyan kowa ko sisi. Gumin da aka zuba a gonarka, da gumi kake ramawa ran da goron wani ya iso ƙofarka. Allah sarki, ina kewar wannan zamani, ko da yake ba zan ɓoye maka ba, zamani ne na yunwa. Damina na yin tsakiya rumbu zai zama wayam, a kai akuya kasuwa a sayar da ita a wulaƙance, yara su kwana da tafasa a ciki.

Sai ga tallafi ya zo, kuɗi na shigowa ta waya kai tsaye. Mutumin nan ya numfasa. A shekarar bai sayar da akuya ba, bai cinye irin shuka ba, bai tafi cin rani ya bar iyalinsa ba. Ya sa wa ɗakin matarsa kwano, yara suka yi kumatu. Kuskurensa ɗan ƙarami ne, kuma da kyakkyawar niyya ya yi shi. Wata rana maƙwabcinsa ya kawo goron gayya, shi kuwa bayansa na ciwo, sai ya tura masa kuɗi ta waya ya ce a ɗauki ɗan ƙwadago a madadinsa. Maƙwabci ya yi godiya. Abin ya yi wa manomin daɗi, ga fita kunya ga hutawa a inuwa. Da gayya ta gaba ta zo bayansa lafiya lau, amma ya sake turawa. Kafin a jima, duk goron da ya shigo gidansa waya ce ke amsawa. Mutane suka ga abin wayewa ne suka kwaikwaya, ka san halinmu, in mun ga hanya mai sauƙi ba ma tambayar inda ta nufa. Makaɗi ya rataye gangarsa har fatar ta saki.

Ana nan, wata kaka geron tudu bai yi albarka ba, amma shinkafarsa ta yi kyan da bai taɓa gani ba, ta nuna ta sunkuyar da kai. Ita ce abincin gidansa na shekara. Sai labari ya zo cewa gulbi ya cika ya batse a gabas, ruwa na tafe, kuma fadamarsa ce a ƙasa, ita zai fara ci. Ya bazama neman 'yan ƙwadago, ya tarar masu manyan gonaki sun kwashe su kaf. Nan ya tuna da gayya. Ya raba goro gida-gida, matarsa ta ɗora manyan tukwane kamar yadda uwarta ke yi a da. Da safe ya tsaya bakin fadama da laujensa yana kallon hanya. Waya ta yi ƙara a aljihunsa: maƙwabci ne ya turo kuɗi, har da addu'ar Allah ya ba da sa'a. Ta sake ƙara, ta kuma. Ba wanda ya ƙi shi, ba wanda ya yi masa rowa. Kowa ya girmama goronsa yadda shi da kansa ya koya musu. Rana ta ɗaga, babu kowa a hanya.

Can sai ga mutum ɗaya tafe, wani dattijo da aka tsallake sunansa lokacin rabon tallafi, ba shi da abin turawa. Ya tuɓe takalmansa ya ce, "Na ci goronka, ga ni. Ta ina za mu fara?" Kunya ta lulluɓe manomin, don shi ma wannan dattijo kuɗi ya tura masa ranar gayyarsa. Suka sunkuya su biyu suna yanka, matar ta ci ɗamara tana kwasa tana kai wa tudu. Kafin la'asar ruwa ya shigo, ya kama idon sawu, ya kai gwiwa, dole suka fito. Abin da suka tsirar bai taka kara ya karya ba. Manomin ya tsaya yana kallon sauran shinkafar tana nutsewa, tuwon gayya na hucewa a gefensa babu masu ci. Wayar ta sake ƙara, bai ko duba ba, sai hawaye.

Gaskiya ne, da kuɗin da aka turo ya auno hatsi a kasuwa, gidansa bai kwana da yunwa ba. Amma ya san da mutanen garin sun taka sun zo da laujensu, da kafin azahar an gama. Kuɗi ya cika masa tukunya, bai riƙe masa lauje ba. Shi ya sa magabata suka ce, zumunta a ƙafa take.