Mai Miƙo Gam

Kafinta ya zare wayoyi biyun da ke motsa fikafikan jirgin wasan, ya musanya su, ya mayar da murfin. Yanzu in aka danna hagu a rimot, dama zai karkata.

Shi ya buɗe kwalin, shi ya manna kowane ɓangare na ɗan jirgin yaƙin nan, shi ya shaƙi fenti har ya kwana yana tari. Amma da kunnensa ya ji yayansa yana cika baki a waya: "Ni na haɗa abina. Yaron nan gam kawai yake miƙo min."

Gam ko? To, za a gani.

A filin ƙwallo mutane suka kewaye su. Yaya ya ajiye jirgin, ya ɗauki rimot, ya taɓa hagu, ya taɓa dama, idonsa a kan fikafikan. Ya kalli Kafinta ta wutsiyar ido. Kafinta ya harɗe hannu, yana jiran faɗuwar da za ta wanke masa zuciya.

Yaya ya tayar da jirgin, jirgin ya miƙe sama ɗoɗar, bai juya shi hagu ko dama ba. Sannan ya ɗaga murya.

"Jama'a, ƙarya na yi muku. Ƙanena ne ya haɗa shi, har wayar ƙarshe. Ku tafa masa!"

Ana cikin tafi ya danƙa wa Kafinta rimot ɗin, ya raɗa masa a kunne.

"Ga yabonka, ɗan'uwa. Ga kuma bishiya a gaban jirgin. Juya shi mu gani."