Layukan Da Suka Karkata

Da hantsi wani mai zane ya shigo shagon da wata budurwa take saka wa hotuna firam. Ya warware sabon zanensa a kan tebur.

Ta daɗe tana kallo. Shekara uku tana karɓar aikinsa, kullum layukansa a kwance suke, cikin natsuwa. Yau kuwa duk sun karkata gefe guda, itatuwan, hanyar, har rigar mutumin da ke tsakiya, kamar iska na kora su.

"Tafiya za ka yi," ta ce.

"An ba ni aikin koyarwa a wani gari mai nisa. So nake mu yi aure, mu tafi tare."

Ta waiwayi ɗakin baya, inda mahaifinta yake kwance tun da ɓarin jikinsa ya shanye.

"Wa zai riƙa juya Baba?"

"To, zan jira ki."

"Kada ka jira, Malam. Hannunka ya riga ya tafi."

Ya ɗan tsaya, sannan ya fita. Ta saurara har takunsa ya ɓace a hayaniyar titi, sai ta zauna a kujerar da ta manta ba ta miƙa masa ba.