Ranar da Ta Nemi Bargo

"Ba zazzaɓi ba ne," in ji sabuwar likitar. "Al'ada ce ke ɗaukewa, kuma akwai maganin da ke mayar wa jiki sinadarin da ya ragu."

Maigidan ya dubi matarsa tana fifita da mayafi, ta jiƙe sharkaf da gumi. Shekara guda tsohon likitansu yana ɗura mata maganin zazzaɓi, tana kwana kan siminti saboda zafin jiki, autarsu tana tambayar mahaifinta ko Umma mutuwa za ta yi.

Bayan 'yan makonni da fara shan sabon maganin, wata safiya ana ruwa, ta ƙwala masa kira. Ya shigo a guje, ya tsaya yana kallonta.

"Malam, kallon me kake min kamar baƙuwa? Miƙo min bargo, sanyi nake ji."